Me ya sa kalangu ya fi daɗi a kaset fiye da a waya?

Abban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun shekaranjiya, kuma na san a gidan nan akwai waɗanda suka san kan abin. Mun shiga gyara ɗakin marigayi mahaifinmu, sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, maƙil da kaset-kaset, sun fi 70. Rabi tafsiri ne, sauran waƙoƙin gargajiya, mafi yawa na Shata. Rikodarsa National mai sifika biyu tana nan an lulluɓe ta da tsohon zane. Na sayo mata manyan batira, na kaɗe ƙura, na zura kaset ɗaya. Wallahi da aka buga kalangun farko sai da tsigar jikina ta tashi. Sautin yana da kauri, kai ka ce makaɗan suna zaune kan tabarma a tsakar gidanmu. Waƙar nan ina da ita a wayata, na fi shekara 5 ina jin ta. Nan take na kunna ta wayar, sai na ji ta siririya, kalangun kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Shin ci gaban da ake cewa an samu na mai haƙar rijiya ne? Ko kuwa kewar Baba ce ta shiga kunnena?

Maman Ihsan:
Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa. Ba kai kaɗai ba ne, ni ma in na ji tsohon kaset sai in ji muryar ta fi kusa da ni. Bari mu ji ta bakin masu abin.

Baba Mai Rediyo:
Allah ya gafarta masa. Ɗana, ba kewa ba ce, kunnenka ne ya gaya maka gaskiya. Shekara 34 na yi ina gyaran rediyo da rikoda, babu irin wadda ban kwance cikinta ba. Zaren kaset yana ɗaukar sauti ne ɗungurungum, yadda ya fito daga bakin mawaƙi. Wannan na kwamfuta kuwa yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa a mai da shi lambobi, sannan a sake harhaɗawa. Ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke za ta riƙe gari, amma ɗinkin yana nan.

Malam Na-Kimiyya:
Allah ya sa Aljanna ce makomarsa. Baba, ku yi min afuwa, a fagen gyaran rikoda ni ɗalibinku ne, amma zancen gunduwa-gunduwar nan ina da ja a kai. Kafin nan, Abban Walida, ta wayar da ka kunna, ta ina sautin ya fito?

Abban Walida:
Ta sifikar wayar, Malam.

Malam Na-Kimiyya:
To ka ga ba kaset da dijital, wato sautin kwamfuta da waya, ka gwada ba, sifika da sifika ka gwada. Sauti iska ce ake turawa tana dawowa. Amon ƙasa, wannan dundun da kake ji a ƙirji idan an bugi ganga ko babban kalangu, sai abu mai faɗi ke iya tura iskar da yake bukata. Sifikun rikodar mahaifinka kowace ta kai tafin hannu, ga su cikin akwati mai ciki. Ta waya ba ta wuce farcen babban yatsa ba. Kome ka ba ta, saman sautin kawai take iya fitarwa.

Sai batun yanka. Gaskiya ne ana auna sautin a rubuta shi da lambobi. A faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ana awo sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo yana da matakai 65,536 da zai iya faɗawa a kai. Ba da ka aka tsayar da adadin ba. Kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai ƙoshin lafiya, iyakarsa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, mu da muka manyanta da wuya mu ji sama da 15,000 ko 16,000. Lissafin da Harry Nyquist ya faro a 1928, Claude Shannon ya kafa masa hujja a 1949, ya nuna cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi tsini da ke ciki, ana iya dawo da igiyar sautin sumul yadda take. Hoton nan mai kama da matakalar bene da ake yawo da shi a intanet, ba shi ke fita ta sifika ba.

Baba Mai Rediyo:
Malam, ina girmama lissafinku, amma ni da kunne na ci abinci, ba da alli ba. In haka ne, me ya sa lokacin da CD ya cika kasuwa, waƙar da muka haddace a kaset muka ji ta bushe, tana sukar kunne? Kuma ba a waya ba, a manyan sifikun shagona.

Ɗan Sitidiyo:
Baba, abin da kuka ji ni ma na ji shi, da shi nake fama kullum a wajen aiki. Zaren kaset ledar roba ce siririya da aka shafa wa garin tsatsar ƙarfe, kan rikoda yana rubuta sautin a jikinta da maganaɗisu. Idan makaɗi ya sauke gula da ƙarfi, zaren ba ya iya ɗaukar dukan gaba ɗaya, sai ya lanƙwasa tsininsa a hankali, ya ƙara masa wani ɗan kauri da babu shi a ɗakin da aka yi kiɗan. Sannan yana shanye wani abu daga saman sautin, inda ke da kaifi. Wannan shi ne ɗumin da mutane suke so. Wato zaren yana taɓa sautin, ba ɗungurungum yake ajiye shi ba, sai dai taɓawar tasa mai daɗi ce, irin ƙamshin hayaƙin da ke kama dafa-dukar da aka yi a murhun itace. A kwamfutata yanzu haka akwai manhajar da aikinta kawai ta kwaikwayi zare, kuma kusan kowace waƙa sai na ɗan barbaɗa mata.

Dijital shi ba ya yafiya. Yana da rufi, in sauti ya buge shi sai ya yanke ƙat, ka ji tsatsaga.

Kuma mu masu haɗa sauti mu muke kai shi rufin da hannunmu. Mawaƙi zai zo ya ce, ina so tawa ta fi ta wane ƙara in an saka a Keke Napep. Sai ka danne wuraren da ke da ƙarfi, ka ɗago wuraren da ke da sanyi, kome ya dawo tsayi ɗaya, sannan ka tura gaba ɗaya har ya dafa rufi. CD yana da fili tsakanin raɗa da tsawa na kusan desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kaset bai wuce 50 zuwa 60 ba, amma sai ka tarar tsohon kaset ya fi sabuwar waƙa numfashi, don mu mun cushe kome a ɗan lungu guda. Ba mu kaɗai ba ne, a Turai da Amurka ma sun yi shekaru suna wannan tseren na ƙara. Yanzu Spotify da YouTube suna rage wa waƙar da ta cika ƙara su daidaita ta da sauran, ka ga an yi asarar numfashin a banza ke nan. Ina gaya wa yaran da ke zuwa wurina, amma ɗaya cikin goma ke yarda.

Auta:
Ni dai tambayata, waƙar da ke cikin wayar Yaya Abban Walida daga ina ta fito? Ai tsofaffin waƙoƙin nan ba a kwamfuta aka ɗauke su ba.

Ɗan Sitidiyo:
Auta, ka taɓo inda ke ciwo. Bari in ba ka irin tafiyar da yawancinsu suke yi. Wani ya sayi kaset a Ƙofar Wambai, wanda shi ma kwafin kwafi ne. Ya kunna a rikodar da kanta ya yi datti, ya jona da kwamfuta, wani ma ajiye waya kawai yake yi a bakin sifika. Ya matse ta zama MP3 ƙarama don kada ta ci wuri. Wani ya ɗora a YouTube, can ma aka sake matsewa. Wani ya sauke ya sake juya ta MP3, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya zuba maka a memori.

MP3 ɗin nan, wadda masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarta a farkon shekarun 1990, dabararta ita ce ta zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura da shi ba. CD yana tafiyar da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 da aka fi yawo da ita 128, wasu ma 64. Minti ɗaya na CD kusan megabait 10 ne, na MP3 kusan 1. Matsa ɗaya mai kyau, a 256 ko 320, mutane ƙalilan ne za su gane. Amma a matse, a buɗe, a sake matsewa sau uku sau huɗu, ya zama shayin da kowa ya zo sai ya ƙara masa ruwa.

Baba Mai Rediyo:
Wannan kam na yarda, don ko a zamanin kaset haka ne. Masu kwafi suna saka rikoda mai baki biyu su ninka mata gudu don su gama da wuri, kowane kwafi sai ya ƙara "shuuu" ya rage zaƙin murya. Da na ji daƙiƙa biyar nake gane na asali da na bugun kasuwa. Amma ban janye maganata ba tukuna.

Alhaji Tsohon Ma'aikaci:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na yi aiki a sashen ɗaukar sauti na wani gidan rediyo a Arewa tun muna samari har na yi ritaya, kuma ina ganin duk kun tsaya kan kwanon kun bar tuwon.

Mu ba a kaset muke ɗauka ba. Babban zare ne mai faɗin kwatan inci da ke warwarowa daga wani faifai yana naɗewa a wani, yana gudun santimita 19 ko 38 a daƙiƙa. Kaset gudunsa 4.76 ne kacal, ga shi siriri. Saboda haka kaset ɗin da kuke yabo, a wurinmu shi ne ƙaramin ɗa. Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba.

Idan mawaƙi ya zo da jama'arsa, makirufo biyu ne ko uku a ɗakin. Shi a gaba, 'yan amshi a bayansa, makaɗa can gefe don kada kalangu ya danne murya. In muna son amshi ya ƙaru, ba wani maɓalli muke murɗawa ba, cewa muke yi ku matso taku ɗaya. A kunna jar fitila, kowa ya yi tsit, a ɗaga hannu, su fara. Babu tsayawa. In an yi kuskure, ko dai a koma farko, ko in yanke zaren da reza in liƙe. Mai kalangu idonsa na kan bakin mawaƙi, yana matse tsarkiya a hammata yana saki, kalangun yana maimaita maganar da aka faɗa, wani lokaci ma ya riga mawaƙin ya tuna masa kirarin da ya tsallake. Sanƙira ya jefa tasa a tsakani. Kana jin numfashinsu, kana jin bangon ɗakin yana dawo da amon. Shi ne abin da Abban Walida ya ji har ya ce kamar suna tsakar gidansu: mutane ne da gaske a ɗaki ɗaya suna sauraron juna.

Yau fa? Kalangun da ke cikin fiyano bugu ɗaya ne aka ɗauka ana ta maimaita shi, ba ya tashi ba ya sauka. Mawaƙi ya zo Litinin ya yi nasa shi kaɗai, 'yar amshi ta zo Laraba, ba su ma haɗu ba. Ku ɗauki wannan ku zuba a zare mafi tsada, ba zai yi rai ba. Ku tara makaɗa na gaske a ɗaki ɗaya ku ɗauka da kwamfuta, ni na tabbata za ku ji abin da kuke nema.

Abu ɗaya ke ci min rai har gobe. Akwai shekarun da zare ya yi tsada, aka ba mu umarni mu riƙa goge tsofaffi muna ɗaukar sababbin shirye-shirye a kai. Da hannuna na goge muryoyin mutanen da yanzu babu su, kuma ba a ajiye kwafi ba. Waɗansu kuma a sito aka jibge su, rufin yana yoyo. Da a ce muna da kwamfutar da kuke zagi a lokacin, da suna nan.

Maman Ihsan:
Innalillahi. Alhaji, wannan magana ta taɓa ni ƙwarai.

Ɗan Katsina a Ingila:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Bari in kawo yadda abin yake a nan. Baƙin faifan nan na allura ya dawo da ƙarfinsa, shaguna guda ne na shi kaɗai. A Amurka a 2022 an sayar da faifan allura miliyan 41, CD miliyan 33, karo na farko da ya wuce CD tun 1987. Ni ma ina da na'urar, kuma ina rantsuwa ya fi daɗi. Sai dai a shekarar nan ta 2022 wani abu ya faru da ya sa na rage baki. Akwai kamfanin Mobile Fidelity a Amurka, wanda masu kunnen zinariya suke sayen faifansa da tsada suna cewa ga analog tsantsa, babu hannun kwamfuta. Sai ta fito fili cewa sun yi shekaru suna fara juyar da zaren asali zuwa dijital kafin su sassaƙa faifan. Mutanen da ke cewa daga nesa suke jin warin dijital, shekara da shekaru suna yabon faifan ba su ji kome ba. Har kotu aka je.

Malam Na-Kimiyya:
Madalla da wannan misali. Kuma faifan allura yana da nasa iyakokin da masu sassaƙa shi suka sani sarai. Dole a rage amon ƙasa kafin a sassaƙa, in ba haka ba allura za ta yi tsalle ta bar layi, sai na'urarka ta mayar da shi lokacin kunnawa. Juyin faifan ɗaya ne, 33 da sulusi a minti, amma a bakin faifai allura tana cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kusan 20, shi ya sa waƙar ƙarshe a kowane gefe ba ta kai ta farko tsabta ba. Sai dai wannan raunin yana da amfani guda: faifan ba ya jure irin cushen da Ɗan Sitidiyo ya bayyana, don haka sau da yawa akan yi masa haɗi mai sauƙin matsi. Kana iya jin ya fi na intanet daɗi da gaske, amma haɗin ne ya bambanta.

Ɗan Katsina a Ingila:
Na ji, Malam. Amma ko an tabbatar min sautin ɗaya ne ba zan sayar da tawa ba. In na ciro faifai daga jakarsa, na goge shi, na sauke allura, zama nake yi in saurara minti 20 ban taɓa kome ba. A waya kuwa ban kai rabin waƙa nake tsallakewa.

Baba Mai Rediyo:
Kun tuna min da garmahon kakanmu da ake wanawa da hannu, wanda ake canza wa allurar ƙarfe kusan kowane faifai. Juyi 78, gefe ɗaya minti 3 da 'yan kai. Mawaƙin da ke iya rabin sa'a yana jero zuriyar basarake, a ce ya gama a minti 3. Kaset ne ya sake su, minti 30 ko 45 a gefe guda.

Malam Na-Kimiyya:
Abban Walida, ga shawara. Tunda ku biyu kuna Kano, ɗauki rikodar da kaset ɗin ka kai wa Ɗan Sitidiyo. A jona kebul daga rikodar zuwa kwamfuta a ɗauka ba tare da matsi ba, a WAV. Sannan a dawo da na kwamfutar ta cikin rikodar, ya fita ta sifikun nan dai. A daidaita ƙarar su zama ɗaya, wannan wajibi ne, don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake ba gaskiya. Ka juya baya, wani ya riƙa canzawa sau 10, kana faɗin wanne ne wanne.

Ɗan Sitidiyo:
Ƙofa a buɗe take, Yaya. Bayan La'asar ya fi, lokacin akwai wuta.

Abban Walida:
Jama'a na dawo da labari. Jiya mun yi gwajin, ƙanena ne ya riƙa canzawa ni ina fuskantar bango. Cikin 10 na dace 6, kuma gaskiya ko waɗanda na dace ɗin ban da tabbas. Abin da ya fi ba ni mamaki, kaurin nan da ɗumin nan duk suna cikin na kwamfutar, har "shuuu" ɗin, har wani wuri da zaren ya taɓa tauna muryar ta ɗan yi rawa. Daga nan muka saka ta wayata a sifikun rikodar. Ta fi yadda take a waya nesa ba kusa ba, amma da 'yan amshi suka shigo sai ka ji kamar suna waƙa a cikin ruwa. Wannan ko ban juya baya ba na gane ta.

Malam Na-Kimiyya:
6 cikin 10 ko canke mutum yake yi zai iya samu. Na gode da ka gwada da kunnenka.

Baba Mai Rediyo:
Kunnen ɗana ne aka gwada, ba nawa ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da kaina a juya min baya, in na faɗi zan faɗa a nan gaban kowa. Amma kafin ku juye sauran 70 ɗin ku dakata. A goge kan rikodar da auduga da sifirit, har da ƙaramar tayar robar da ke jan zare. Sannan a gefen kan akwai wani ɗan ƙaramin sukuru, shi ke daidaita tsayuwarsa. Kowane kaset da irin tsayuwar kan da ya ɗauke shi. Ana kunnawa ana murɗa sukurun kaɗan-kaɗan, za ku ji inda murya ta washe kamar an yaye labule, nan za ku tsaya. In ba ku yi haka ba, dusasshen sauti za ku adana. Kuma da wutar lantarki za ku yi, batir in ya fara sanyi yana jan murya.

Ɗan Sitidiyo:
Wallahi Baba ban san zancen sukurun nan ba. Sai kun zo. Kaset na minti 60 zai ci megabait 600 da ɗoriya a WAV, in an mai da shi FLAC ya ragu kusan rabi ba tare da an zubar da kome ba. Za mu ajiye a wuri biyu, MP3 kuma a yi ta daban don waya.

Maman Ihsan:
Baba, ni ma ina da guda ɗaya tak. Kiɗan ƙwarya ne da aka ɗauka a bikin ƙanwar mahaifiyata a 1988, muryar Innarmu tana ciki tana ba da waƙa, ita ce kaɗai muryarta da ta rage mana. Na duba ta tagar kaset ɗin na ga wani fari-fari a jikin zaren kamar fumfuna. Ina tsoron in saka ya tsinke.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, kada ki saka shi a kowace rikoda, kada kuma ki murɗa shi da biro. Ki nisanta shi da rana da bayan sifika, ki sa shi a ambulan shi kaɗai don kada fumfunar ta kama wasu. Ki leƙa ƙasan kaset ɗin, a tsakiya bayan zaren akwai wani ɗan soso ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, ki gaya min ko yana nan ko ya faɗi. In ya faɗi ina da irinsa. Ki ba wani ya kawo min ranar Asabar ɗin, zan kwance shi in share zaren da hannu, in ya kama in canza masa gida, sannan mu kunna shi sau ɗaya kwamfuta tana ɗauka.

Maman Ihsan:
Na duba yanzu, Baba. Soson ya faɗi, ina jin motsinsa a ciki in na girgiza. Abban Ihsan zai kawo muku da kansa.